Karo a bakin kasuwa: Wa ke da laifi, kuma ina inshorar da muke biya?

Duk wanda ya saba cin kasuwar Dambatta ranar Lahadi, ko yake shiga Dawanau lokacin kaka, ya san irin wannan ƙarar. Ƙarama ce, ba ta kai ta hatsarin kan titin Kano zuwa Daura ba. Sai dai ka ji ƙwas, gilashin fitila ya zube, sannan ihun yaron mota da ya makara wajen buga jikin mota. Wata akori-kura ce ta yi ribas da lodin buhuna ta daki ƙofar Golf ɗin da aka ajiye, ko ta kwantar da babura uku a jere, ko ta bi ta kan kwandon tumatirin wani.

Kafin direba ya sauko an riga an kafa kotu. Masu shayi, 'yan dako, 'yan kamasho da masu wucewa duk sun zama alƙalai, kuma kowa ya gani da idonsa, har wanda ya juya baya lokacin da abin ya faru. Cikin rabin sa'a an yanke hukunci, an watse.

Hukuncin nan yakan bi ɗaya daga cikin hanyoyi uku da kowa ya sani, ko da yake ba wanda ya rubuta su. Ta farko, babba shi ke biya: mota ta fi babur, don haka mai mota ne mai laifi ko da a tsaye yake babur ya zo ya same shi. Ta biyu, baƙo shi ke biya, musamman idan lambar motarsa ta wata jiha ce kuma yana sauri ya kama hanya kafin magariba. Ta uku ita ce ta fi zafi, domin tana zuwa da taushin murya: “Haba Malam, ƙaddara ce, ai ba da gangan ya yi ba, ka yi haƙuri ka yafe masa.” Wannan takan faɗa kan wanda ba shi da bakin magana, kamar manomin da babur ɗinsa shi ne jarinsa, ya tsaya gaban wani Alhaji da dattawan kasuwa ke jin nauyinsa.

A duk cikin ukun ba inda aka tsaya aka tambayi wa ya yi sakaci. Kuma ba inda aka ce a buɗe aljihun gaban mota a ciro takardar inshora, wadda ake biyan kuɗinta duk shekara saboda irin wannan rana.

Ra'ayina shi ne sulhun kasuwa abu ne mai kyau da bai kamata a kashe ba, amma yadda muke yin sa yanzu yana ɗora wa mai rauni asarar da doka da addini duk ba su ɗora masa ba, yana kuma bar wa kamfanonin inshora kuɗin da haƙƙin mutane ne.

Akwai dalilin da ya sa wannan matsala ta fi yawa a karkarar arewacin Kano. Daga Ungogo da Dawakin Tofa zuwa Minjibir, Bichi, Makoɗa da Dambatta, ƙasa ce da kusan babu taki ɗaya da ba gonar wani ba. Masanin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi suna ne da nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, saboda yadda jama'a suka yi yawa kuma ake noma gona ɗaya kowace shekara ba a bar ta ta huta ba. Kasuwannin wannan yanki an kafa su ne don jakuna da masu ɗaukar kaya a ka. Yau tireloli ne ke shiga, da tifa, da bas-bas, da adaidaita sahu, da babura ba adadi, ga amalanken shanu ba su daina zuwa ba. Fili kuwa bai ƙaru ba. Da rani a kan samu sauƙi a ajiye mota a gonar da aka girbe. Da damina, gero ya tsaya har bakin hanya, sai kowa ya cusa abin hawansa inda ya samu. Babu layin fenti, babu alamar shiga da fita, babu kyamara. Wurin da mota ta shiga da safe a sake, da la'asar an kewaye ta da buhuna da awaki da masu talla.

A irin wannan wuri karo dole ne. Abin da ba dole ba shi ne a ce kullum aljihun talaka ne zai biya.

Mu koma ga takardar. Inshorar dole ta ababen hawa ba sabon abu ba ce a ƙasar nan, domin dokarta ta farko ta 1945 ce, tun zamanin Turawa. Aikinta ɗaya ne: idan ka yi wa wani ɓarna da abin hawanka, a jikinsa ko a dukiyarsa, kamfanin ya biya shi a madadinka. Ba ta gyara motarka kai mai laifi. Wannan sai ka sayi cikakkiyar inshora, wadda ta fi tsada nesa ba kusa ba.

Daga 1 ga Janairun 2023, hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ƙara kuɗin inshorar dole ta motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara. Wannan kowa ya ji, kowa ya yi ƙorafi. Abin da bai yaɗu ba shi ne ɗaya ɓangaren sanarwar: iyakar abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiya ya tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Mai adaidaita sahu yana biyan naira 5,000, iyakarsa miliyan 2. Mai babur naira 3,000, iyakarsa miliyan 1. Babbar motar ɗaukar kaya naira 100,000, iyakarta miliyan 5. Sannan daga 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda, ƙarƙashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun, ta fara tilasta mallakar wannan takarda a duk faɗin ƙasa. A shekarar 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora.

Wato ta fuskar karɓar kuɗi an yi nisa. Direban da ke jigila tsakanin Kunci da Kano ya san idan babu takardar a hannunsa zai sha tsayuwa a shinge. Amma tambaye shi ko ya taɓa ganin wanda kamfanin inshora ya biya wa kuɗin fitila ko na ƙofa, sai ya yi dariya. A wajensa takardar nan haraji ce, kamar sauran takardun da ake nuna wa jami'i don a wuce.

Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Da yawa daga takardun da ke yawo na bogi ne, an buga su a shagon kwamfuta, an haɗa su cikin “fatikulas” ɗin da wani ɗan tsakani ya yi wa mutum a dunƙule. Mai motar bai ma san sunan kamfanin da aka rubuta ba. Akwai hanyar dubawa kuwa, kuma ba ta buƙatar babbar waya: ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai, ana latsa *565*11# a sa lambar mota, a ga ko inshorar na nan da rai. Minti biyu ne. Da za a riƙa yin wannan a gaban jama'a duk lokacin da aka yi karo, da kasuwar masu buga takardun bogi ta mutu a yankin cikin damina ɗaya, domin ba abin da ya fi kunya kamar a gano a tsakiyar kasuwa cewa Alhaji yana yawo da takardar banza.

Ko takardar ta gaskiya ce, akwai wasu ramukan. Mutum ya yi wa motarsa inshorar motar gida don ta fi araha, amma ranar kasuwa yana lodin fasinja da buhunan gyaɗa don kuɗi. Kamfani zai iya cewa ba wannan aikin aka yi yarjejeniya a kansa ba. Wani kuma ya miƙa wa yaron motarsa makulli ya ce “matsar da ita gaba kaɗan”, yaron ba shi da lasisi. A gaskiya yawancin karon bakin kasuwa a wannan “matsarwar” ake yin sa, ba a hannun direban ba. Shi ma ƙofa ce ta musu.

Sai rami mafi ban haushi, wanda ya ci karo da tarbiyyarmu kai tsaye. Takardun inshorar mota sukan ƙunshi sharaɗin cewa kada mai inshora ya amsa laifi, ko ya yi alkawarin biya, ba da yardar kamfani ba, kuma ya sanar da su da wuri. Mu kuwa an rene mu a kan cewa mutumin kirki idan ya yi kuskure yakan sauko ya ce, “Baba, don Allah ka yi haƙuri, laifina ne, nawa ne gyaran?” Ya cire abin da ke aljihunsa ya bayar, a yi musabaha. Idan daga baya gyaran ya ninka abin da aka zata, ya nufi kamfani, sai a ce masa ai ka riga ka gama magana ba da mu ba. Kunyarsa da mutuncinsa sun zama ribar kamfani. Ban ce mutum ya daina ba da haƙuri ba. Amma ana iya jajanta wa mutum, a tsaya tare da shi, a faɗi gaskiyar yadda abin ya faru, sannan a ce, “Maganar kuɗi kuma bari mu kira masu inshora a gabanka.”

Akwai masu gudun inshora saboda shakkar halaccinta. Wannan damuwa ce ta gaske kuma malamai sun daɗe suna magana a kai. Sai dai tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, inda masu shiga ke zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna, kuma yau akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful, Noor Takaful da Salam Takaful. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba yana da inda zai je. Abin da ba shi da hujja shi ne mutum ya ƙi ta halal don tsantseni, sannan ya sayi ta bogi don ya wuce shinge.

Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne yadda muke fakewa da ƙaddara a kan al'amarin da malamanmu na Malikiyya suka warware tun kafin a ƙirƙiri mota. Ƙa'ida ce sananniya a fiƙihu cewa a sha'anin dukiyar mutane, ganganci da kuskure ɗaya suke wajen biya. Rashin niyya yana ɗauke zunubi, ba ya ɗauke ramuwa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, kuma ake karanta shi a zaurukan kusan kowane gari a yankin nan, ya ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan wanda ke kora ta, ko jan ta, ko yake kanta. Ya kuma bambanta wannan da abin da dabbar ta yi tana tsaye ba wanda ya taɓa ta. Cire dabba ka sa mota, ka samu amsar rabin rigingimun bakin kasuwa: wanda ke riƙe da sitiyari lokacin da abin hawa ke motsi shi ke da nauyin duba bayansa.

Imam Malik ma ya yi magana kan abin da za mu kira fakin a yau. A cikin Muwaɗɗa ya bambanta wanda ya ɗaure dabbarsa ko ya haƙa rami a hanyar jama'a inda bai halatta ya yi ba, da wanda ya yi hakan inda ya halatta. Na farko yana da lamunin abin da ya biyo baya, na biyu babu. Don haka mai Golf ɗin da ya toshe bakin hanyar da tirela ke fita, ya kulle ya tafi cinikin rago, ba zai wanke kansa da cewa “ai a tsaye take” ba. Haka nan a Muwaɗɗa ɗin akwai labarin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, inda hukuncin ya raba nauyi: masu gona su tsare gonarsu da rana, masu dabbobi su ɗauki ɓarnar dare. Manoman wannan yanki sun san wannan hukunci sarai, da shi ake raba su da makiyaya a gaban dagaci. A can ana tambayar wa ya yi sakaci, a wane lokaci, a wane wuri. Ba a tambayar wa ya fi kuɗi. Me ya sa da an zo kan mota sai a manta?

Yafiya tana da lada, babu musu. Amma yafiya ta mai haƙƙi ce, bayan an tabbatar masa da haƙƙinsa. Idan mutum ashirin suka kewaye manomi suna ce masa ya yafe tun ba a faɗi nawa yake bi ba, wannan ƙwace ne da aka yi wa lulluɓi. Idan kuwa akwai inshora ta gaskiya, to wa ya yafe wa? Ba direban ba, domin ba daga aljihunsa kuɗin za su fito ba. Ya yafe wa wani kamfani ne a Legas ko Abuja da bai san ma an yi ba.

Akwai wata tambaya da za ta taso duk ranar da mutanen karkara suka fara neman haƙƙinsu da gaske: shin filin kasuwa, ko gonar da aka girbe aka mayar wurin ajiye motoci, “hanya” ce a idon doka? Tsofaffin dokokin inshorar mota, waɗanda muka gada daga Ingila, sun gina tilascin ne a kan amfani da mota bisa hanya. A Ingila kanta sai da maganar ta kai kotun ƙoli ta wancan lokaci, wadda a 1998 ta yanke cewa wurin ajiye motoci ba hanya ba ne. Gwamnati ta ga ɓarakar, a 2000 ta gyara dokar ta haɗa da sauran wuraren da jama'a ke shiga. A Turai kuma akwai shari'ar Vnuk, wadda ta fi kama da rayuwarmu: a ƙasar Sulobeniya wata tarakta mai jan tirela ta yi ribas a harabar gidan gona ta ture tsanin da wani ke kai yana aikin ajiye ciyawa. Kamfanin inshora ya ƙi biya, har maganar ta kai kotun Tarayyar Turai, wadda a 2014 ta ce inshorar dole ta shafi duk amfanin da ya dace da aikin abin hawa na yau da kullum. Ingila daga baya, a 2022, ta cire kanta daga wannan hukunci saboda tsadarsa. Wato ko a can ba a gama jan igiyar ba.

Darasin a gare mu mai sauƙi ne. Kamfanin da ke sayar wa mai akori-kura a Bichi inshora ya san sarai motar nan rabin rayuwarta a bakin gona da filin kasuwa take. Ya kamata NAICOM ta sa a rubuta ƙarara a jikin takarda, da Hausa, cewa ta shafi kasuwa da tasha da harabar masallaci da bakin gona. Kada a bar wannan sai ranar da talaka ya zo neman kuɗi sannan lauya ya tuna da ma'anar kalmar hanya.

Na san abin da masu kare tsarin yanzu za su ce, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A ce gyaran ƙofa ya kama naira 60,000. Kafin ka samo rahoton 'yan sanda, ka kai hotuna, ka karɓo kiyasi daga mai gyaran jikin mota, ka yi zuwa Kano sau biyu ko uku, ka bar gonarka a tsakiyar noman farko, wataƙila abin da ka kashe ya kusa abin da kake nema. Ga tsoron cewa da zarar magana ta shiga caji ofis za a tsare motocin duka biyu, kowa ya yi asarar kwanaki. Don haka mutum ya gwammace ya karɓi rabi a hannu ya tafi. Wannan lissafi ne na mai hankali. Amma yana nuna inda gyaran yake: a sauƙaƙa hanyar biyan ƙananan ɓarna. Wayar da kamfani ke karɓar kuɗinka da ita cikin minti biyar za ta iya karɓar hoton fitilar da ta fashe.

Kuma akwai waɗanda ke tsaye a wurin kullum, suna karɓar kuɗi, amma da an yi karo sai su koma 'yan kallo. Ina nufin masu yanka tikiti: 'yan yuniyan, ma'aikatan kuɗin shiga na ƙaramar hukuma, da shugabannin kasuwa. Wanda ya karɓi kuɗinka ya nuna maka inda za ka tsaya ya ɗauki wani nauyi. Aƙalla dai ya ware inda manyan motoci za su juya, ya raba babura da amalanke, ko da igiya da turaku ne. Sannan ya ajiye littafi ɗaya: rana, lokaci, lambobin ababen hawa, wa ke motsi wa ke tsaye, wa ke riƙe da sitiyari, sunan shaidu biyu, da abin da *565*11# ta nuna. Shafi ɗaya mai sa hannun sarkin tasha da wakilin dagaci ya fi ihun mutum hamsin amfani, ko a gaban kamfani, ko a kotun shari'a, ko a ofishin NAICOM na shiyya da ke Kano idan kamfani ya yi taurin kai.

Dattawan da ke sulhu ba sai sun bar aikinsu ba. Su canja jerin tambayoyin kawai. Maimakon su fara da “nawa za ka iya bayarwa?”, su fara da “wa ke motsi?”, sannan “an ajiye a inda ya dace?”, sannan “ina takardarka?” Idan ta gaskiya ce, a kira lambar kamfanin nan take, a buɗe murya kowa ya ji amsar da za su bayar. Idan ta bogi ce, mai motar ya biya cikakken gyara daga aljihunsa, ya kuma faɗi a gaban jama'a a hannun wa ya saye ta.